Jar Motar Kausar

Ana idar da sallar isha'i mutanen layin bayan tasha a Anka suka ji wani kuka da ba su taɓa jin irinsa ba. Ya yi kama da a ce mai algaita ne ya faɗa rijiya, yana busa yana nitsewa a hankali. Kaji suka motsa a akurki. Inna Dija, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba gidanta da na Makau, ta tofa addu'a a tafin hannu ta shafa, ta jawo tabarmarta daga jikin bango.

Daga ɗakin Makau kukan yake fitowa, daga cikin wata tsohuwar kwamfutar cinya mai fasasshen gefe da aka ɗora a kan kujerar tsugune. Makau ɗan kabu-kabu ne, a kan babur yake neman abincin gidansa. Kwamfutar kuwa ta taubashinsa ce, Lauwali, mai shagon cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kasuwa. Su biyun suna durƙushe a gabanta kamar masu jiran tukunya ta tafasa.

"Minene wanga kuma?" in ji Makau.

"Kiɗan motar na," in ji Lauwali. "Nauyi ya yi mata. Tsohuwa ta, irin babur ɗinka, sai an tura."

"Kashe shi kar ka tara muna jama'a."

"Bawan gidanmu ka ba ni umarni yanzu?" Lauwali ya yi dariya, amma ya kashe.

A ɗakin da ke kusa, Kausar, 'yar Makau, ta ci gaba da nata kukan, wanda shi kowa a layin ya riga ya sani.

Shekarar da zinari ya buɗe a ƙauyensu Abare, Makau yana cikin waɗanda suka samu. Ya sayi babur, ya sayi talabijin da ƙaramin janareta, ya kuma sayo wani baƙin akwatin wasa na gwanjo a Gusau, da faya-fayensa a leda, don kawai ya ga an taru a kansa. Ba a ci rabin daɗin ba yara suka fara faɗuwa suna jijjiga. Likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen zinarin da ake kawowa gidaje. Aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa. Isa, ɗan farin Makau, bai kai ga ganin sabuwar ƙasar ba. Kausar tana goye a lokacin. Ta sha magani a asibiti har ta gaji, ta rayu, amma likita ya gaya wa Makau a tsaye cewa abin da gubar ta ci a kanta ba zai dawo ba.

Yanzu shekararta bakwai, ba ta taɓa cewa Inna ba. Da rana lafiya lau, tana zaune tana juya murfin kwano. Da magariba ta yi sai ta fara ihu, tana buga ƙeya a bango, har muryarta ta dushe. Abu ɗaya ne yake kwantar da ita. In Makau ya tada janareta ya sa faifan tseren mota, sai a miƙa mata hannun wasan, wato abin da ake riƙewa mai maɓallai. Ba ta iya tuƙi ba. Maɓalli ɗaya take dannawa, jar motar ta zabura ta je ta daki shingen hanya ta tsaya tana gurzarsa, ita kuma ta rungume hannun har barci ya ɗauke ta. Makau yakan zauna a bayanta yana kallon hanyar da ke cikin talabijin, mai teku a gefe da wasu dogayen itatuwa marasa rassa. Ya sa a ransa cewa can Kausar take zuwa, kuma a can tana magana.

Duk abin da zinari ya saya ya tafi, sai babur da wannan akwati da talabijin da janareta. Ran nan janareta ya yi wani tari, wuta ta yi yawa, akwatin ya yi hayaƙi da warin roba. Mai gyaran rediyo ya buɗe shi ya leƙa, ya mayar da murfin ya ce a yi haƙuri. A Gusau aka ce an daina kawo irinsa, sababbin kuma ba sa cin tsohon faifai.

Ihu ya dawo, ya fi na da. Ana cikin haka Sambo ya zo daga Gummi. Wan Atine ne, matar Makau, kuma ɗakuna biyun da suke ciki nasa ne, shi ya ba su da suka baro Abare. Ya zauna a zaure ya ƙi shan ruwa.

"Makau, ka ga idon ƙanwata kuwa? Ta koma kamar mai jinya. Maƙwabta sun kai mani ƙara har Gummi."

"Yaya Sambo, haƙuri za a ƙara. Abin wasanta na ya lalace."

"Abin wasa. Ɗiya tana fama da iska kana maganar abin wasa. Akwai mutum wajenmu, aikinshi ke nan. Za ta zauna hannunshi har a rabu da abin."

Makau ya san gidan. Ya taɓa kai fasinja. Ya ga hayaƙin da ake turawa mutane a cikin bargo, ya ga wata yarinya da marin ƙarfe a ƙafa tana lasar bango.

"Likita ya ce ba iska ba na."

"Likitan ya warkar da ita?" Sambo ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Juma'a ta sama ina zuwa da mota. In na iske tana barci kamar ɗiyan mutane, shi ke nan. In ba haka ba, ko ka ba ni ita, ko ka ba ni ɗakunana."

Inna Dija ba ta cikin masu ƙara. Daga ƙauyen Sunke ta zo, jikoki uku ta binne a shekarar gubar, kuma takan ce kukan yaro bai taɓa hana ta barci ba, shirun ne yake hana ta.

Da Makau ya kai wa Lauwali kukansa, Lauwali ya sosa gemu ya ce akwai dabara. Akwai wata manhaja da ake zuba wa kwamfuta, emuleta ake ce mata. In ta shiga, sai kwamfutar ta manta ita kwamfuta ce, ta ɗauka ita ce akwatin wasan, ta karɓi faifansa ta yi muryarsa.

"Kamar mai bori ke nan," in ji Makau.

"Kamar mai bori. Sai dai wagga ba ta son turare, caji taka so."

Makau ya daɗe yana juya maganar a kan babur. Ashe har ƙarfe ana iya hawansa. Ya yi ta tunanin ko in an gama wasan kwamfutar takan tuna abin da ta yi, ko sai an ba ta labari.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Da farko manhajar ta ƙi tashi, ta fito da wani ɗan rubutu tana neman abin da Lauwali ya kira bayos.

"Ran akwatin na," ya ce. "Ka'ida, daga naka za a ciro shi. Naka kuwa ya tahi da ranshi."

"To ya za a yi?"

"Aro za mu yi."

Suka hau tudun bayan makaranta inda waya take samun sabis, Lauwali ya ɗaga wayarsa sama kamar mai roƙon ruwa, har wani rai ya sauko daga intanet. Makau ya tambaya na wane ne. Lauwali ya ce wa ya sani, wataƙila na wani yaro ne a ƙasar da ake ƙanƙara, wanda ya girma ya jefar da akwatinsa. Wannan ma ta zauna wa Makau a rai. Ya ji tausayin yaron, bai san dalili ba.

Sai faifan. Duk ya sha ƙarce, kwamfutar ta ja shi ta yi gurnani ta tofo shi. Lauwali ya shafe shi da man goge baki, ya goge da gefen rawani daga tsakiya zuwa baki, ya hura masa iska, ya sake sakawa. Sai a karo na barkatai ta haƙura ta kwafe abin da ke ciki gaba ɗaya, ta adana a cikinta. Daren da suka fara gwadawa shi ne daren algaitar rijiya. Jar motar ta fito, amma tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, kiɗan yana jan jiki a bayanta.

Washegari Makau bai fita aiki ba. Ya zauna a shagon Lauwali, masu karɓar waya suna tsallake ƙafafunsa, shi da Lauwali suna rage wa hoton kyau kaɗan-kaɗan don kwamfutar ta samu numfashi. Suka cire inuwar itatuwa. Suka cire ƙyallin teku, ya koma shuɗin zane kawai. Hayaƙin tayar mota ma suka cire. Duk abin da aka cire sai Makau ya ji kamar daga ɗakinsa aka fitar da shi, amma motar tana ƙara sauri, kiɗan yana miƙewa, har ya dawo daidai yadda kunnensa ya san shi.

Saura hannu. Tsohon yana nan, amma bakin wayarsa faffaɗa ne kamar na tarwaɗa, babu ramin da zai shiga a jikin kwamfuta. Suka ba wani direba saƙo ya sayo sabo a Gusau, mai ɗan siririn baki. Da ya zo Makau ya auna shi a tafinsa.

"Ba shi da nauyi."

"Ɗaukar kaya za ka yi da shi? Maɓallan ba iri ɗaya ba na? Har kala."

Lauwali ya nuna masa yadda ake gabatar da kowane maɓalli ga manhajar, a danna wannan a ce mata kai ne gudu, a danna wancan a ce kai ne birki. Makau ya ce a bar shi ya yi da kansa. Ya yi ta yi yana ɓatawa, mota ta yi baya in an ce ta yi gaba, Lauwali yana cewa ai haka yake tuƙa fasinja ma. Ranar Alhamis da la'asar komai ya zauna. Makau ya naɗe kwamfutar a cikin bargo ya ɗaura a bayan babur, ya tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ya tarar da Atine a bakin murhu, idanunta sun faɗa. A ƙofar ɗaki ya ga ƙullin kayan Kausar, an riga an ɗaure.

"Wa ya ce ki haɗa kayanta?"

"Ba wanda ya ce, Malam. Gobe Juma'a."

"Kwance su. Yau za ki yi barci."

Ba ta kwance ba, ba ta kuma yi musu ba.

Da aka yi magariba Kausar ta fara. Makau ya shimfiɗa tabarma a gaban talabijin, inda suke zama a da, ya buɗe kwamfutar, ya ɗauko yarinyar tana turjewa ya zaunar. Kiɗan ya tashi. Kausar ta tsaya cak, bakinta a buɗe, hawaye na bin haɓarta. Ta miƙo hannu biyu. Makau ya waiga ya dubi Atine don ta gani.

Yarinyar ta danna maɓallinta. Jar motar ta zabura, ta daki shinge, ta tsaya tana gurza. Kausar ta kai hannun wasan ƙirjinta ta matse. Ta jira. Ta ɗaga shi ta manna a kumatu. Ta mayar ƙirji, ta ƙara matsewa har yatsunta suka yi fari. Daga nan ta yi jifa da shi, ta kwantar da kai baya ta saki wata ƙara da ta fi ta kowane dare.

"Ga motarki nan, Kausar. Ga ta nan, ja. Dubi."

Ko kallon wajen ba ta yi ba. Atine ta tsugunna ta ɗauki hannun, ta danna maɓallin, ta riƙe shi a tafinta tana saurare kamar mai duba zazzaɓi.

"Wanga ba ya rawa," ta ce.

"Wace rawa?"

"Tsohon, in motar ta bugi bango, kyarma yaka yi. Har ƙashi kana jin ta."

Makau ya karɓa ya danna. Roba ce kawai, shiru. Shekara da shekaru yana zaune a bayan yarinyar, bai taɓa riƙe hannun motar tana jikin shinge ba, don shi in ya karɓa kauce wa shingen yake yi.

"Don mi ba ki gaya mani ba?"

"Na san ana yin wanda ba ya rawa? Ni cewa nika yi duk haka suke." Ta ajiye shi a kan tabarma. "Ba motar taka kallo ba, Malam. Kai ka kallon mota."

Ya fita zaure ya kira Lauwali, yana toshe kunne ɗaya. Lauwali ya ji bayani, ya amsa babu zolaya a muryarsa. Ya ce akwai wata 'yar mahaɗa da ake sa wa tsohon hannun ya shiga kwamfuta, amma sai an aika Kano, in an dace, kuma ba shi da tabbas ko wutar da ta kashe akwatin ta bar hannun da rai. Makau ya ce gobe Juma'a. Lauwali ya ce ya sani.

Da ya dawo tsakar gida ya ga Atine ta mirgino turmi. Tun da suka zo Anka a kife yake, a kansa ake zama a yi tsefe. Hatsi inji take kaiwa, ko yaji sai dai ta saya dakakke, kuma Makau bai taɓa tambayarta dalili ba. Ta zaro taɓarya daga bayan ƙofa ta share mata yanar gizo-gizo. Ta shiga ɗaki ta kamo Kausar, ta sunkuya ta ɗora ta a baya, ta ɗaure da zane biyu. Ƙafafun yarinyar suna reto har gwiwar uwar.

"Atine, mi za ki yi?"

"A Abare in ta hana ni sakat, goya ta nika yi in hau dakan dutsen da kaka kawowa. Kafin in gama kwano guda ta yi barci. Duk matan gidan haka munka yi." Ta gyara ɗaurin a ƙirji. "Ranar da na ga ta matse abin nan a ƙirji na gane girgizar dakan nan taka nema. Ban so in faɗa ba."

Ta zuba gero ta fara daka. Taɓarya tana sauka luf, luf, gero yana shanye bugun. Kausar ta ci gaba da ihu tana dukan kafaɗar uwar da goshi. Atine ta yi ta yi har gumi ya jiƙa mata wuya, sannan ta tsaya, ta karkata turmin ta juye geron a faranti. Ta dubi Makau.

Ya fahimta, ya kuma so a ce bai fahimta ba. Ya fita waje. A bakin layi akwai ragowar tsakuwa da masu gini suka bari. Ya tsugunna ya haska da waya yana zaɓen wadda ba ta da ƙyalli, wadda ba ta da jan jijiya, yana gaya wa kansa wannan dutsen gini ne kawai, daga nesa aka kawo shi. Bai san daga inda aka kawo shi ba. Ya cika gaban rigarsa ya dawo, ya zuba a turmin da hannunsa.

Bugun farko ya yi ƙara har cikin haƙoransa. Taɓaryar ta yi tsalle, girgizar ta bi hannun Atine ta sauka a bayanta. A bugu na uku ko na huɗu ihun ya karye, ya koma shessheƙa. Wani farin gari ya fara tashi daga bakin turmin yana ratsa hasken fitila. Makau ya cire hularsa ya matso zai rufe wa yarinyar hanci, Atine ta ce ya matsa kar taɓarya ta same shi. Ya koma ya tsaya da hular a hannu.

Kan Kausar ya kwanta a tsakanin kafaɗun uwar. Hannuwanta suka saki. A cikin ɗaki kiɗan tseren yana ta yi shi kaɗai, daidai, babu inda yake ja.

"In Yaya Sambo ya zo," in ji Atine, tana magana tsakanin bugu da bugu, "ka ce mashi ta yi barci. Kar ka ce mashi da mi."

"Zan aika Kano. Da sahe zan aika."

"Aika."

Ta ɗan sassauta don ta huta, yarinyar ta motsa ta fara ƙunƙuni, sai ta ɗaga taɓaryar ta ci gaba. Tafin hannunta ya riga ya tashi, Makau yana ganin yadda take canza riƙo.

Can sai suka ji motsi a bayan katanga, ana jan wani abu ana takawa. Kan Inna Dija ya ɓullo, ba ɗankwali, tana riƙe da bakin katangar da hannu biyu. Ta dubi turmin, ta dubi farin garin, ta dubi doguwar yarinyar da ke goye.

"Atine, ɗiyata, mi kika daka?"

Atine ba ta ɗago ba. Makau ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Tsohuwar ta ƙara ɗagowa a kan abin da ta taka, muryarta ta yi ƙasa.

"Makau, da kai nika magana. Dutse na nika ji?"